Batir Mai Ci: Da Wane Harshe Yaro Zai Yi Kimiyya?

Wata ranar Juma'a da yamma na baro Dutsin-Ma na tafi gida Kurfi, kamar yadda na saba in an tashi karatun mako. Ban ko gama gaisawa da mutanen gida ba sai ga ɗiyar yata, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta zo ta durƙusa da wata takarda a hannu. Ta ce, "Kawu, an zaɓe ni in shiga gasar baje kolin kimiyya ta makarantarmu, ga abin da Malam ya ce in haddace." Na karɓa na duba. Shafi biyu ne cike da Turanci, an kwaso su daga intanet, suna bayani a kan wata na'ura da Turawa ke kira fuwel sel. A ƙasan shafi na biyu an rubuta da biro cewa a nemi kuɗi a aika Kano a sayo na'urar a haɗe. Ita yarinya aikinta kawai ta tsaya bayan tebur, in alƙalai sun iso ta karanto abin da ta haddace. Na ce ta karanta mini layin farko, ta karanta sarai ba gargada. Na ce, to, mece ce ma'anarsa? Sai ta sunkuyar da kai.

Ban kawo wannan labari don in ci mutuncin malamin ba, domin na san halin da yake ciki. Ɗalibai sun cika aji maƙil, ɗakin gwaji in ma akwai shi a kulle yake, shi kansa kuma da hadda aka koya masa. Na kawo shi ne saboda abin da na gani a fuskar yarinyar nan ya shafe mu, mu masu da'awar nazarin harshen Hausa, fiye da yadda ya shafi 'yan'uwanmu na sassan kimiyya. Ra'ayina a taƙaice shi ne, aikin baje kolin yaro Bahaushe ya kamata a shirya shi da Hausa tun daga tushe, da kayan da hannunsa ke iya kaiwa, sa'an nan a ɗora Turanci daga baya in gasa ta bukaci haka. Wanda aka yi wa akasin wannan, ko da ya ciwo kofi, aku aka horar.

Bari mu fara da na'urar kanta, don kada a ce muna gardama a kan abin da ba mu sani ba. Batirin tocila da kowa ya sani kamar gwangwanin madara yake: an cika shi tun daga masana'anta, kana tsiyaya har ya ƙare, ka yar. Batirin waya ko na mota kamar randa ne, in ruwa ya yi ƙasa a sake cikawa. Ita kuwa wannan na'ura ta fi kama da injin niƙa. Ba ta ajiye komai a cikinta. Muddin ana zuba mata abinci tana ba da lantarki, in an daina ta tsaya. Abincin da aka fi ba ta shi ne iskar haidirojin. A irin da ya fi yaɗuwa a yau akwai faranti biyu da wani shamaki a tsakaninsu. A farantin farko ake raba kowace ƙwayar haidirojin gida biyu. Kashi ɗaya ya ratsa shamakin ya wuce, ɗaya kashin kuwa, watau ilektaron, shamakin ba ya barinsa, tilas ya zagaya ta cikin waya. Wannan zagaye shi ne wutar lantarkin da ke kunna ƙwai ko ta juya inji. In sun sake haɗuwa a faranti na biyu sai su tarar da iskar oksijin, su zama ruwa. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, ruwa da ɗan zafi su ne kaɗai tokar wannan murhu. A lissafi ɗaki ɗaya na na'urar ba ya wuce bolt 1.23, a aikace kuwa yakan tsaya wajajen 0.6 zuwa 0.7, shi ya sa ake jera su da yawa kamar yadda ake jera batura a cikin tocila.

Abin kuwa ba sabo ba ne. A shekarar 1800 wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka tura lantarki cikin ruwa, suka ga ya rabu zuwa haidirojin da oksijin. A 1839 wani lauya mai suna William Grove, wanda daga baya ya zama alƙali, ya nuna cewa ana iya juya al'amarin: a bar iskokin biyu su koma ruwa a kan ƙarfen filatinam, a sami lantarki. Aka shafe fiye da shekara ɗari abin bai wuce ɗakunan gwaji ba, har wani injiniya, Francis Bacon, ya nuna wadda ke ba da kilowat 5 a 1959. Irin tasa ce aka inganta aka ɗora a kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, inda ta ba 'yan sama jannati wuta, suka kuma sha ruwan da take fitarwa. A 2014 kamfanin Toyota ya fara sayar da mota mai suna Mirai wadda ke tafiya da ita. Amma abin lura a duk tarihin nan shi ne mafarinsa. Tunanin Grove bai wuce wannan ba: tun da lantarki na raba ruwa, ashe haɗa ruwa ba zai dawo da lantarkin ba? Wannan tambaya ba ta bukatar Turanci. Duk yaron da ya taɓa ganin an warware igiya an sake tufka ta zai iya yin ta.

Da na gama yi wa ɗiyar tawa wannan bayani, da misalin gwangwani da randa da injin niƙa, sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe batir ne mai ci, Kawu." Na yi shiru, domin na daɗe ina jujjuya fassara a raina ban sami wadda ta kai wannan ba. Na taɓa ganin an rubuta "tantanin mai", na kuma ga "ƙwayar makamashi". Ta farko kuskure ce tsantsa, an ɗauko ma'anar kalmar daga ilimin halittu aka jibga a inda ba wurinta ba, ga shi kuma Bahaushe in ya ji "mai" fetur ko kananzir ke zuwa masa a rai. Ta biyu ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta gaya wa mai ji komai. "Batir mai ci" kuwa ya kama abin ta wuya, ya faɗi danginsa, ya kuma faɗi abin da ya bambanta shi da dangin. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ce ta raɗa shi, kuma ta iya raɗa shi ne domin ta gane. Da wannan suna zan ci gaba.

Mako biyar ya rage kafin ranar gasa. Abu na farko da muka yi shi ne muka ajiye maganar aike Kano, muka sayi littafin rubutu mai fallaye arba'in. A shafin farko na sa ta rubuta tambayarta da Hausa, da kalmominta. Wannan a ganina shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa. Yawancin teburan da nake gani a irin waɗannan bukukuwa suna nuna kaya ne, gidan kwali mai ƙwan lantarki, ko jirgin sama na gwangwani, amma ba su amsa wata tambaya. Baje koli in babu tambaya a bayansa ya zama kasuwa.

Gwajinmu na farko bin sawun Grove ne da kayan gida. Muka nemi tsofaffin baturan tocila biyu, irin masu arha ɗin nan, na fasa su da kaina na ciro baƙaƙen sandunan kabon da ke tsakiyarsu, muka wanke. A nan dole in ja kunne: babba ne zai yi wannan, kuma irin waɗannan kaɗai ake fasawa, batirin waya in an huda shi yana iya kamawa da wuta. Ruwa zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai, sai an narka wani abu a ciki. Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne gishiri, shi kuwa ba a so, domin ruwan gishiri in an tura masa lantarki yana fitar da iskar kulorin mai guba. Muna cikin wannan shawara sai kakarta, mahaifiyata, wadda ke jin mu daga bakin murhu, ta ce in ruwa mai kaifi muke nema ga ruwan toka nan ta tace na miya. Lalle kuwa shi ne. Abin da ke ba ruwan toka kaifinsa gishirin potasiyam ne, sunan potasiyam ɗin ma a Turance daga tokar tukunya ya samo asali, kuma wani ɗan'uwansa mai ƙarfi ne Bacon ya zuba a tasa na'urar. Da an yi zancen nan da Turanci, da tsohuwa ba ta tsoma baki ba, da kuma jikarta ba ta taɓa sanin cewa ƙwaryar tokar kakarta na da zumunta da kumbon Apollo ba.

Muka zuba ruwan a kwalba mai faɗin baki, muka tsoma sandunan ba tare da sun taɓa juna ba, muka haɗa su da ɗan farantin sola na cajin waya, a tsakar gida nesa da wuta, domin haidirojin iska ce mai saurin kamawa. Nan da nan kumfa ya fara taruwa, a sanda ɗaya ya fi yawa. Ita da kanta ta lura, ta tambayi dalili, muka kai ga cewa a kowace ƙwayar ruwa haidirojin biyu ne, oksijin ɗaya. Bayan 'yan mintoci muka cire solar, muka maƙala mitar da na aro wajen wani mai gyaran waya. Mita ta nuna akwai lantarki, sa'an nan ta riƙa sauka a hankali. Yarinya ta yi tsalle. Sai dai na gaya mata gaskiya, na kuma sa ta rubuta: kabon ba filatinam ba ne, wani kashi na abin da mita ta nuna caji ne da ya maƙale a jikin sandunan, ba duka ba ne daga iskokin da ke komawa ruwa. Wani zai ce na rage mata murna. Ni dai na fi son ta tsaya gaban alƙali da ƙaramin sakamako wanda ta san iyakarsa.

Gwaji na biyu shi ne wanda na fi so, domin shi ne batir mai ci na haƙiƙa, kuma abincinsa na nan jibge a bayan gidajenmu. Tun a 1911 wani malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Durham ta Ingila, M. C. Potter, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da yis suna iya ba da lantarki yayin da suke cin abinci. A 1987 Derek Lovley ya gano wani jinsi a cikin lakar kogin Potomac na Amurka, wanda aka sa wa suna Geobacter. Su waɗannan halittu suna zaune ne a inda iska ba ta kaiwa, in sun ci ruɓaɓɓen ganye sai su sauke ilektaron a kan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. In ka binne musu kabon sai su sauke a kansa. In kuwa ka haɗa wannan kabon da waya zuwa wani kabon da ke saman ruwa inda iska take, to ka sami batir wanda laka ke ciyarwa. Da a zamanin da hanyoyi ke lafiya ne, da na kai ta madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaɗuwa a 1983, ta ɗebo laka ta kuma buɗe ido. Amma mutanen Kurfi da Safana da Dutsin-Ma sun san abin da 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yankin nan a shekarun baya, ba mai tura yarinya nesa don laka. Kududdufin unguwa ya wadatar. Baƙar laka mai wari ta can ƙasa ita ake so.

Muka shirya bokitai uku. Na farko laka yadda aka ɗebo ta. Na biyu mun tafasa lakar don a kashe abin da ke raye a ciki. Na uku mun gauraya ta da ƙasari, don a ga ko ƙarin abinci na ƙara wuta. Abu biyu na sa ta kiyaye. Sandar ƙasa da ta sama duk kabon za su kasance, domin in aka sa ƙarfe iri biyu daban, kamar tagulla da tutiya, mita za ta motsa, amma wannan batirin gargajiya ne irin na lemun tsami, bakteriya ba su da hannu a ciki. Sa'an nan duk inda wayar tagulla ta haɗu da kabon sai an toshe shi da narkakken kyandir, kada laka ta ci ta. Safe da yamma tana awo tana rubutawa. Kwanakin farko ba wani abin kirki, har ta fara fushi. A mako na biyu bokitin farko da na uku suka fara hawa, na ƙasari ya kusa rabin bolt. Sa'an nan abin da ba mu zata ba ya faru: tafasasshen bokiti, wanda ya kwanta shiru, shi ma ya fara motsi. Ranar Asabar da na dawo ta tare ni tun daga zaure, ta ce, "Kawu, ko dai wasu ba su mutu ba, ko kuwa sababbi sun shiga." Ban koya mata wannan ba. Babu shi a shafi biyun da aka ba ta.

Akwai kuma wata fa'ida da yaron da ya yi aikin da hannunsa ke samu, ita ce ba a ruɗarsa da labarin inji mai cin ruwa. Lokaci lokaci akan ji an ce wani ya ƙera janareta ko babur da ke tafiya da ruwa zalla. A 2012 ma wasu 'yan mata huɗu 'yan makaranta sun nuna janareta mai amfani da fitsari a wani bukin ƙere-ƙere a Legas, duniya ta ɗauka. Ƙoƙarinsu abin yabo ne, amma masana sun yi nuni da cewa raba haidirojin daga ruwa na cin lantarkin da ya fi wanda za a samu in an ƙona shi. Ɗiyata ta ga wannan da idonta, sai da sola ta yi aiki sa'an nan kwalba ta mai da ɗan kaɗan. Haidirojin ma'aji ne, tilas wani ya zuba kafin a ɗiba, kuma mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi daga iskar gas da kwal ake samo shi. Amfaninsa ga ƙasa mai rana irin tamu, in har farashinsa ya sauko, shi ne a adana hasken rana a ci da dare.

Na san abin da za a ce, domin wani abokina ɗalibin Kemistiri ya riga ya faɗa mini a ɗakin kwana. Gasar JETS ta jiha da ta ƙasa da Turanci ake yi, jarrabawar WAEC da NECO da Turanci, littattafai da Turanci, saboda haka wanda ya jinkirta wa yaro Turanci ya cuce shi. Ban musa ko ɗaya ba. Gwamnati ma ta karkata can. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare, a 2022 aka faɗaɗa zuwa shekara shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan a koma Turanci. Sai dai ina tunatar da abokina gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa a matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Na ga ƙaramin misalinsa a gida. A makon ƙarshe muka juya bayaninta zuwa Turanci, ita ke faɗi da Hausa, muna nemo kalma tare. Ya fito gajere, bai kai shafi ɗaya ba, nahawunsa ma da ɗan ɗingishi, amma ko ta ina ka tare ta da tambaya tana da amsa. Abin da nake roƙon masu shirya gasa a makarantun Dutsin-Ma da Kurfi bai da yawa: bayan yaro ya gama jawabinsa na Turanci, alƙali ya yi masa tambaya biyu da Hausa. Nan take za a rarrabe wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa.

Laifin da ya rage namu ne. Tun a wajajen ƙarshen shekarun 1940 Dokta R. M. East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana halittu da yadda duniya ke gudana da Hausar da manomi zai gane. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa a yau muke tattauna ginin jimla da tsarin sauti ba tare da mun ari bakin kowa ba. Mun yi wa kanmu tanadi. To yaron da ke son ya bayyana abin da ke faruwa a cikin bokitin laka fa? Ku leƙa kundayen kammala digiri da ke jibge a sashenmu, ku ƙirga nawa ne suka yi nazarin salon mawaƙi kaza da jigon littafi kaza, nawa ne kuma suka zauna da malamin kimiyya na ƙaramar sakandare suka tattara kalmomin da yake bukata. Ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke yaye malaman da za su shiga azuzuwan nan, duka a gari ɗaya. Ba a bukatar izinin minista kafin ɗalibin Hausa ɗaya da na Kemistiri ɗaya su ɗauki babi guda na littafin kimiyyar aji biyu su yi masa aiki a zangon karatu guda, su kai wa yara su gwada, su riƙe kalmar da ta zauna a bakinsu, su zubar da wadda ta ƙi.

Ɗiyar tawa ta zo ta uku. Teburin da ya zo na ɗaya wata 'yar mota ce ta roba da aka sayo a haɗe. Bokitanta uku na nan a bayan ɗakin kakarta, har yanzu takan zuba wa guda ƙasari ta auna. A shafin ƙarshe na littafinta akwai jerin kalmomi goma sha ɗaya waɗanda ni da ita muka kasa samar wa Hausar da ta gamsar da mu. Ta farko a jerin ita ce ilektaron, ta biyu kuwa sunan abin nan da filatinam ke yi, watau ya gaggauta haɗuwar abubuwa biyu ba tare da shi ya ƙare ba. Ita ta ce a kira shi dillali. Ni ina ganin dillali yana karɓar la'ada, filatinam kuwa ba ya karɓar komai. Na kwafi jerin, yana wurina, ga duk malami ko ɗalibin da ke son ya gwada sa'arsa.